Ɗan Goggona Ya Harbe Ni, Sannan Ya Ɗaukaka Ƙara

Assalamu alaikum, Edita. Na daɗe ina karanta wannan shafi ina jinjina wa masu iya buɗe cikinsu, yau kuma ga nawa. Ba zan kama sunan kowa ba, don duk waɗanda abin ya shafa suna raye, kuma unguwarmu ba ta da girman da mutum zai ɓuya.

A lokacin da abin ya faru ni mai aikin tayil ne a cikin garin Bauchi, ban daɗe da haye talatin ba, ina da mata da 'ya'ya biyu ƙanana. Sana'ar a durƙushe ake yin ta, tun safe har la'asar gwiwa na ƙasa, kuma Allah ya ba ni hannu, don har sababbin gidajen bayan gari ana nemana. A Ƙofar Dumi na tashi, amma ba a ɗakin mahaifiyata ba. Ta rasu ina rarrafe, sai ƙanwar mahaifina, wadda muke kira Goggo, ta ɗauke ni ta haɗa da ɗanta na fari da ya girme ni da kaɗan. Ƙwarya ɗaya muka ci, tabarma ɗaya muka kwana. Da yake ɗan fari ne, Goggo ba ta kama sunansa, sai dai ta ce "wancan", kuma in muka yi faɗa shi take duka ko da ni ne da laifi. Mu kuwa taubasai ne, abin da na ga dama nake yaɓa masa, ya rama, a yi dariya a watse. Da muka girma ni na bi magina, shi ya riƙe noma da 'yar farauta. Yana da wata tsohuwar bindigar toka da kowa ya san shi da ita, yakan rataya ta in zai je gona saboda birai da ɓarayin masara.

Gonar ta kakanmu ce, a Tirwun. An raba gado tun muna yara, da mahaifina ya rasu kasonsa ya zo hannuna, na Goggo kuma ɗanta ke nomawa. Iyakar ba ta wuce wani layin gamba ba, shi ma shekaru sun cinye rabinsa. Muddin gona tana gona babu wanda ya damu da inda layin ya bi. Da gine-gine suka fara matsowa, sai kowane taku ya zama abin magana. Na ƙudurta zan gina ɗakuna a kasona in huta da haya. Manya suka ce in bari sai an yi kaka, a kira mai unguwa a sake buga iyaka kowa na tsaye. Ban bari ba. Wata safiya cikin damina na ɗauki leburori biyu muka je haƙa tushen gini, kuma inda igiyata ta bi akwai 'yan kunyoyin masararsa da ta fara goyo. Na sa aka sare su.

Muna cikin haƙa ya iso, bindigar na kafaɗarsa. Ya tsaya ya dubi masarar a ƙasa, ya ce in dakata. Na ce filina ne. Ya ce ko filina ne, masarar tasa ce. Murya ta fara tashi, ya sauke bindigar daga kafaɗa. Ni kuma da na saba da shi tun muna tsirara, sai na yi dariya na ce ya mayar da wannan sandar da ko kurciya ba ta taɓa kayarwa ba. Ban ji zafi da farko ba. Ƙara na ji, da warin albarushi, sai na gan ni zaune a cikin ramin da muke haƙa, wandona na ta jiƙewa. Leburorin suka ruga cikin masara. Shi ne ya jefar da bindigar ya diro ramin, ya cire rigarsa ya ɗaure mini cinya, ya goya ni har bakin titi yana kiran a taimaka. Na faɗi wannan ne don haka aka yi, kuma na faɗe shi a kotu ma.

A asibiti likitoci suka ciro mafi yawan ƙarafunan, irin ƙananan nan na boris ɗin keke, sauran kuwa, suka ce barinsu a jiki ya fi cire su. Gwiwar dama ta farfashe, aka sa ƙarfe, aka gaya mini ba za ta ƙara lanƙwasuwa yadda take ba. Ban tambayi kowa ma'anar haka ga mai aikin tayil ba. Matata tana da goyo, don haka Goggo ce ta tare a gefen gadona. Ita ke dama mini kunu, ita ke juya ni, ita ke zubar da fo, alhali ɗanta na hannun 'yan sanda. Duk zaman da muka yi ba ta taɓa kawo zancensa ba. In masu dubiya suka fara, sai ta ɗauki buta ta fita.

Dangi sun so a yi sulhu a gida. 'Yan sanda suka ce tunda akwai bindiga a ciki, magana ta wuce hannun dangi. Da farko ni ma na so a kashe wutar. Abin da ya juya mini zuciya shi ne bayanin da aka ce ya yi a caji ofis: wai ni na cafki bakin bindigar muna kokawa, sai ta tashi da kanta. Tsakanina da shi a lokacin akwai tarin ƙasar da muka haƙo da faɗin ramin gaba ɗaya. Harbin, ina iya cewa zuciya ce da shaiɗan. Wannan kuwa a zaune ya tsara shi.

Aka kai shi babbar kotun jiha da tuhuma biyu, yi wa mutum mummunan rauni da makami, da mallakar bindiga ba bisa doka ba. Shari'ar ta ja, a ɗage yau a ɗage gobe, ina jan ƙafa da sanda ina zuwa. Na ba da shaida, leburorin suka bayar, likitan da ya yi mini aiki ma ya zo. Shi kuma ya tsaya a akwatin da ake tsayawa ya maimaita zancen kokawar, idonsa na kan bango. Goggo na can bencin baya, ta ja mayafi har goshi. A ƙarshe mai shari'a ya same shi da laifi a duka biyun, kuma ɗaurin bindigar ya fi na raunin tsawo nesa ba kusa ba. Mutane suna ta ce mini an bi mini haƙƙina. Na duba cikina ban samu murna ba, ban kuma samu tausayi ba. Gajiya kawai na ji. Na koma gida na ce shi ke nan, an rufe.

Wani abokina mai shagon sayar da tayil ya ba ni kujera a shagonsa, ina zaune ina nuna wa masu saye kala-kala, ina ba su shawarar wanda ba ya santsi. Haka rayuwa ta ci gaba, kullum da yamma nakan biya in gaida Goggo. Sai wata rana matata ta dawo daga gidan suna ta ce ta ji mata na cewa Goggo ta sayar da kasonta na gonar ta ɗauki sabon lauya, za a ɗaukaka ƙara. Ban yarda ba sai da na je da kaina. Na same ta tana tankaɗe a ƙofar ɗaki. Bayan gaisuwa na tambaye ta, ba ta musa ba. Na ce, "Goggo, ke ma kin yarda ni na kama bindigar ke nan?" Ta ajiye rariyar ta ce, "Ban yarda ba. Na san wanda na haifa, na san wanda na rena. Amma kai ina ganinka kullum, ko da sanda ne. Wancan fa?" Tunda nake ban taɓa jin ta tsaya masa a kaina ba sai ranar. Na miƙe na ce ta huta lafiya. Daga nan na ɗauke ƙafa daga gidan. Matata ta ci gaba da zuwa da yara, ban hana ta ba, ban kuma tambaye ta ba.

Na je na nemi lauyar gwamnati da ta riƙe shari'ar, wata mata 'yar wajen Tafawa Ɓalewa, mai fara'a, wadda in ta yi Hausa kowa "kai" ne a wurinta, har matata. Na ce mata na zo in ji yaushe zan sake ba da shaida, kuma ko in nemo leburorin. Ta ce in zauna tukuna. Ta bayyana mini cewa ɗaukaka ƙara ba sabuwar shari'a ba ce. Ba a kiran shaidu, ba a duba rauni, ba a tambayar wanda aka harba komai. Alƙalai uku ne za su karanta abin da aka rubuta a kotun farko, su duba ko mai shari'a ya yi kuskure a doka. Ta ce ƙarar ma ba tsakanina da shi take ba, tsakaninsa da gwamnati ce, ni shaida ne kawai, kuma aikina ya ƙare. Ta ce kotun a Jos take, ba dole ne in je ba, hanyar da wannan ƙafa wahala ce. Na ce zan je. Ban san abin da nake tsammani ba. Ina jin na ɗauka in alƙalan suka gan ni ina ɗingishi, wani abu zai shiga cikin lissafinsu.

Ranar da aka sa, na isa tasha da sassafe, na leƙa motar da ke lodi, sai ga Goggo a kujerar baya da ƙullin kayanta a cinya. Babu wata motar da ta kusa cika, dole na shiga. Na gaishe ta gaisuwar da ake yi wa kowace tsohuwa, ta amsa. Sai ta leƙa ta kira direba ta ce ya bai wa ɗanta gidan gaba, ƙafarsa ba ta naɗuwa. Wanda ke zaune a gaban ya sauko ba musu. A hanya ta miƙo mini dafaffen rogo da ƙuli ta kan kafaɗa, na ce na ƙoshi. Ba ta sake miƙowa ba. Haka muka tafi, ita za ta roƙa a sako wanda ya harbe ni, ni zan je in ga an bar shi inda yake, mota ɗaya.

Kotun tana da sanyi da tsabta, kowa na magana ƙasa-ƙasa. Na zaci zan gan shi, ashe ko kawo shi ba a yi ba. Muka zauna ana kiran ƙararrakin wasu. Da aka zo tamu, lauyansa ya miƙe ya yi 'yar magana da Turanci, lauyar gwamnati ta miƙe ta yi tata, ɗaya daga cikin alƙalan ya yi tambaya a kan bindigar, aka amsa. Da ɗan Turancin da nake ji, na gane ana ambatona, amma ba da sunana ba, shaida na farko ake ce mini. Kafin in gyara zaman ƙafata an gama, an ce za a sanar da ranar hukunci, an kira wata ƙarar. Babu wanda ya dubi inda nake. A waje Goggo ta matso ta ce, "Me suka ce?" Na ce sun ce sai an neme mu. Ta ce to, Allah ya sa mu ji alheri. Ban tambaye ta alherin wa ba. Na ce ina da wani uzuri a gari, na bari motarta ta tashi, na shiga ta baya.

Watanni suka shuɗe. Ranar hukunci ban je ba, lauyar ce ta kira ni ofishinta bayan ta dawo. Ta ce labarin kashi biyu ne. A kan raunin, alƙalan uku duka sun tabbatar da hukuncin farko. Sun yi watsi da zancen kokawa, sun ce yadda ƙarafunan suka bazu a ƙafata, kamar yadda likita ya bayyana, ya nuna daga nesa aka yi harbin, kuma shaidar leburorin ba ta girgiza ba. A kan bindigar kuwa sun soke hukuncin. Dalili, wadda aka gabatar a kotu ba a wurin aka ɗauke ta ba, mai unguwa ne ya kai ta caji ofis daga baya, bayan ta bi hannaye, kuma ba a kawo masanin makamai ya tabbatar ita ce, ko ya ce tana cikin irin waɗanda sashen dokar da aka tuhume shi da shi ya hana ba. Na ce mata, to in ba shi da bindiga, da me ya harbe ni? Ta yi ɗan murmushi ta ce kotu ba ta ce bai harbe ni ba, cewa ta yi ɓangaren gwamnati bai cika sharaɗin wannan tuhumar ba, kuma doka ba ta ɗaure mutum a kan abin da kowa ya sani, sai a kan abin da aka tabbatar. Ta ƙara da cewa tunda dogon ɗaurin ya faɗi, kuma an lissafa zaman da ya riga ya yi, saura kaɗan ya fito. Akwai kotun ƙoli, in ji ta, amma wannan shawarar manyanta ce, kuma ba ta jin za su je.

Na fito na tsaya a bakin titi ina jiran keke napep. Na yi tsammanin zan ji wuta a ƙirjina, sai na ji ba haka ba. Abu ɗaya ke ta yawo a kaina, cewa mutum uku da ba su san ni ba, ba su ga fuskata ba, sun karanta takardu sun ce ban kama bindigar ba. Ashe abin da na bi har Jos ke nan. Yawan shekarun da zai yi ko ba zai yi ba, na lura bai taɓa rage mini ciwon gwiwa in hadari ya haɗu ba.

Duk da haka ban koma gidan Goggo ba. Na ce sai ta aiko, ita kuma ba ta aiko ba. Ana saura kaɗan ya fito, matata ta same ni a shago da rana tsaka, abin da ba ta taɓa yi ba, ta ce Goggo ta faɗi a bakin murhu. Hawan jini ne. Ta rayu, amma ɓarin jikinta na dama ya shanye, baki ya karkace, magana ta tafi. Na zauna a gefen gadonta a asibitin, ba abin da zan iya yi mata, ko ɗaga ta ba na iyawa da ƙafa ɗaya.

Bayan an sallamo ta ya fito. A zauren gidan muka yi kiciɓis, ina fitowa yana shigowa da ledar magani. Ya rame, furfura ta fito masa, yana wani tari da bai tafi da shi ba. Muka tsaya, zauren ba ya ɗaukar mutum biyu su wuce sai ɗaya ya kauce. Ya dubi sandata, ya daɗe yana dubanta. Sannan ya ce, "Bindigar nan, ba ka taɓa ta ba. Tsoro ne ya sa na faɗa." Na ce na sani. Ya ce in yafe masa. Na ce masa harbin na daɗe da barinsa ga Allah, ƙaryar kuma ya ba ni lokaci. Ya kauce na wuce. Har yau a nan muke. Muna gaisawa, muna zama a ɗaki ɗaya in an zo duba Goggo, shi ke ɗaukar ta ya fito da ita hantsi, ni ke raka ta asibiti ranar ganin likita. Wasan taubasantaka dai ya mutu, babu wanda ya sake gwada shi. Kasonta na gonar wanda ya saya ya zagaye shi da katanga, nawa kuma na sayar, ban iya komawa wurin ba.

Abin da na koya ba shi da yawa, amma da tsada na saye shi. Duk mai ajiye bindiga a ɗaki yana cewa ta birai ce, ya sani ranar da zuciya ta tashi ba ta tambayar wa ke gabanta. Duk wanda manya suka ce ya dakata a kan iyaka, ya dakata, damina ɗaya ba ta kai ƙafa ba. Wanda kuma ya ga makami a hannun mai fushi, ko uwa ɗaya ta haife su, ya ajiye wasa. Ga masu shari'a a gabansu, ku je kotu, haƙƙinku ne, ni ma ban yi nadamar zuwa ba. Amma ku sani kotu tambayoyinta take amsawa, ba naku ba, kuma ana iya ɗaukaka ƙara a rage ko a soke, ku kuna zaune a benci ba mai ce muku sannu. Kada ku jingina zaman lafiyar zuciyarku a kan ranar hukunci, kada kuma ku hukunta wanda ya tsaya wa nasa, musamman uwa.

Wannan na ƙarshen shi ya fi ci mini rai. Ran nan na sa aka fita aka bar mu, daga ni sai matata, na matsa kusa da Goggo na roƙe ta gafarar ɗauke ƙafar da na yi. Ta dube ni, bakinta ya yi ta motsi, wani sauti ya fito. Matata ta ce "na yafe" ta ce. Wataƙila hakan ne. Ni dai ban ji ba, kuma lokacin da take da bakin da zan ji da kunnena, ina shago ina jiran ta aiko. In akwai wanda kuke jira ya fara aikowa, ku tashi ku je yau.